Zane Biyu a Wuyan Hauya

Tun da na dawo daga ƙasar Kabi ban huta da tambaya ba. Wanda ya kawo gatari gyara sai ya zauna, wanda bai kawo komai ba shi ma sai ya zauna, kowa da tasa. Wai da gaske ne na faɗa gulbi? Wai da gaske ne na yi wa alƙali tsawa? Arzika taubashina, wanda muka yi tafiyar tare, shi ke ƙara wa labarin gishiri, kullum da sabon abin da ya tuna wanda bai faru ba. Shi ya sa na ce wa malamin unguwarmu ya zo da alƙalami in faɗa sau ɗaya ya rubuta. Wanda ya sake tambaya a karanta masa, ni in koma kan aikina.

Sunana Nomau, maƙeri ɗan maƙeri a Matankari. Gidanmu ba ya sayen ƙarfe. Mu hau dutse mu haƙo tama, mu ƙona ƙirya mu yi gawayi, mu dafa tamar da kanmu, sannan mu ƙera. Hauyar da ke fitowa daga wannan ƙarfe ita ake kira 'yar Matankari, kuma har cikin ƙasar Ingilishi an san ta, don takan lanƙwashe a miƙe ta amma ba ta karyewa. A wuyan kowace muna buga zane biyu, irin wanda ke fuskar kowane Ba'are daga gefen baki zuwa kunne. Zanen nan alkawari ne tun na kakanni: duk hauyar da ta dawo da shi, gyara ko canji, ba musu.

A daminar da ta wuce, ranar kasuwa, wani manomi daga wajen iyaka ya zo ya jefa hauya karyayya gida biyu a gaban mahaifina, Baba Cifkau, cikin taron jama'a. Ta karye masa ana tsakiyar noman fari. Baba ya ɗauka ya juya ta, ƙarfen sumul kamar faranti, ya ce ba tamarmu ba ce.

Mutumin ya sa yatsa a wuyan hauyar ya ce, "To zanen wa na wanga, tsoho?"

Baba ya ɗauko sabuwa ya ba shi. Kafin kaka karyayyun hauyoyi masu zanenmu sun yi tsibi a bayan maƙera, duk daga gabas, duk Baba ya canja. Da aka gama girbi, lokacin hawa dutse ya yi, sai ya ce ba shi zuwa. Ya ce ba zai hura wuta don a zage shi a kasuwa ba. Mutumin da ban taɓa gani a zaune da rana ba ya koma zaman gindin bango, abinci ma sai an yi da gaske. In ba a dafa tama kafin ruwa ya sauka ba, babu hauya a bana, kuma na san in wutar nan ta shekara a mace, Baba ba zai ga baɗi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce sai na ga wanda ke buga fuskarmu a kan ƙarfensa.

Muka ɗora ragowar hauyoyinmu a kan jakunan Arzika biyu, muka fara da Dogon Dutsi, don ba a tsallake iyaka sai da takardar wucewa. Kwana uku muna zaman ƙofar bariki. Arzika ya cinye guzurinmu rabi, yana cewa jira shi ke kawo yunwa. A rana ta uku tafinta ya shigar da ni. Na yi zaton kumandan, Baturen Faransa mai mulkin wurin, zai kore ni, amma da na miƙa masa hauyarmu na faɗi damuwata, sai ga shi ya miƙe yana juya ta da murna kamar an ba shi doki. Ta bakin tafinta ya ce a ƙasarsu akwai doka a kan irin wannan. In gari ya yi suna da cuku ko giya, ba mai sa wa nasa sunan garin sai wanda ya yi shi a ƙasar garin, da kayan garin. Ban da ta wucewa, ya rubuta mini wata takarda cewa 'yar Matankari ita ce wadda aka ƙera a Matankari da tamar dutsenta, ya buga hatimi.

Da muka fito tafinta ya ja hannun rigata. "Nomau, ka ji ni da kyau. Takardar hauyar ga ba ta da ƙahwar wuce iyaka. Can dokarsu daban ta."

Na ce na ji, amma ban ji ba. Hatimin Nasara ne fa, ja wur. Na kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata na rataya a wuya, ina tafiya ina taɓa ta.

Daga nan muka bi dogon kwarin nan da ake kira dallol muka gangara kudu zuwa Tibiri, muka sauka gidan wata gwaggon Arzika. Ta yi mana tuwon gero da miyar da ta ji daddawar batso, irin wadda in ka ci sai ka yi shiru. A nan muka sauke kaya don jakuna su huta, a nan kuma na ga abin da Arzika ya yi. Cikin gaggawa ya kwaso har da hauyoyi uku da ba a gama ba. Bakinsu ya yi, amma wuyansu na nan da ƙurajen tama, ba a daddale shi ba, ba a buga zane ba. Baba ya fi shekara arba'in yana ƙira, bai taɓa barin hauya ta fita da wuya haka ba. Yakan ce mai kaushin wuya ta gidan rago ce.

Na ce, "Kai bawan ga, idanunka na ado na? Za mu kare suna, kai ka ɗauko muna abin kunya?"

Ya ce, "Ubangijina, hauya hauya ta. Ƙasa ba ta duban wuya."

Na tura su can ƙasan mangala na ce kada su ga rana. Tun daga Tibiri har gulbi ban bar shi ya huta da zancen ba.

Masu tambayata yadda iyaka take, ku yi haƙuri, ba abin gani. Tarin duwatsu ne da wata tsamiya. Mun tarar da wani Bafillace yana kiwo a wurin, saniyarsa kai a ƙasar Ingilishi wutsiya a ƙasar Faransa, ba wanda ya tambaye ta takarda. Ya ba mu nono ya nuna mana hanya. Mutanen ƙauyen farko da muka shiga, zanen fuskarsu irin nawa ne, gaisuwa iri ɗaya, har akwai wanda ya san kakana. Abin da ya fara nuna mini mun canja ƙasa mota ce. Da muka hau babbar hanya muka ji gurnanin babbar mota, muka kora jakuna hannun da muka saba ba wa mota hanya, ashe nan ne nata. Motocin Ingilishi ta hagu suke bi. Jaki ɗaya ya zubar da kaya ya shige gonar wake, direba ya zage mu da wani harshe, Arzika ya rama da Zabarmanci don kada a bar shi a baya.

Sai gulbi. Ni ɗan tudu ne, ruwan da na sani na rijiya ne da na tafki. Da na ga ruwa yana tafiya da kansa, faɗinsa ya fi gonarmu, sai na ja da baya. Aka sa mu cikin kwalekwale, jakuna suna iyo a gefe an riƙe kawunansu. Ban faɗa ruwa ba, ƙaryar Arzika ce. Gaskiyar ita ce na riƙe ƙafar mai tuƙi tun daga wannan gaɓa har waccan, yana cewa in sake shi, ina cewa sai mun isa.

Garin da muka nufa babba ne, a bakin gulbi. Ba zan kama sunansa ba, don na ci abincinsu. Maƙeri ba ya rasa masauki inda akwai maƙera, sai muka bi ƙarar masaba har gidan wani dattijo, Magaji, ya karɓe mu kamar ya san da zuwanmu. Su can shinkafa ce abincin kullum, mu kuwa sai da salla muke ganinta. Kifi kuma har a miyar safe. Ban san ana tsince ƙaya ba, na haɗiya kamar nama, wata ta tsaya mini a maƙogwaro. Matar Magaji ta dunƙula tuwo ta ce in haɗiye ba tauna, yara suna leƙe suna dariyar Ba'are. Wani abin da ya ba ni mamaki, Magaji bai taɓa ganin an dafa tama ba. Ƙarfen tsohuwar mota yake saye ya ƙera. Da na nuna masa ɗanyen ƙarfenmu ya daɗe yana shafa shi.

Shi ya gaya mini mai hauyoyin, wani attajiri ne, Alhaji Sanda. Na tafi kantinsa da zuciya a wuya, na shirya faɗa. Sai na tarar da mutum mai fara'a, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya ba ni goro. A bayansa hauyoyi ne cikin akwatuna, ɗaure goma-goma, kowace da zane biyu a wuya, duk iri ɗaya kamar an haife su rana ɗaya. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce manoma ne suka dame shi da tambayar 'yar Matankari, sai ya sayi ɗaya ya ba wani kamfanin Turawa, suka kai ƙasarsu aka zubo masa irinta. Zanen kuma ya sa an rubuta masa shi a Ikko, babban birninsu, a littafin gwamnati, da sunansa.

Na ce, "Alhaji, ka taɓa zuwa Matankari?"

Ya ce, "Wallahi ban taɓa ba, amma ina jin labari, an ce mutanen kirki na."

Na ciro takardata na buɗe masa. Ya duba ta sama da ƙasa, ya ce hatimin ya yi kyau, ya miƙo mini.

Ranar kasuwa na baza hauyoyina, na ce bari manoma su raba gardama. Ko ciniki ɗaya ban yi ba sai ga ɗan doka da akawun Alhaji. Aka tattara kayana, wai ina sayar da hauya da alamar wani. Ni! Na ji kamar a mafarki. Arzika ya ce in yi shiru, na ce ba na yi. Haka aka kai mu gaban alƙali, rabin kasuwa na biye da mu.

Alƙalin tsoho ne, mai magana a hankali. Akawu ya ajiye takardar Ikko, ni na ajiye tawa. Aka nemo wani tsohon soja da ya yi aiki wajen Faransa ya karanta tawa. Alƙali ya saurara har ƙarshe, ya ce takardar Faransa ta ce suna na ƙasar da ta haifi abu ne, takardar Ingilishi ta ce alama ta wanda ya riga rubutawa ce, kuma a nan ta Ingilishi ke da iko. Ya ce shi ba zai iya soke abin da aka rubuta a Ikko ba, ko Di'o, Baturen da ke mulkinsu, ma ba zai iya ba.

Ban yi masa tsawa ba, amma na miƙe tsaye, abin da ba a yi. Na juya masa kumatuna na sa yatsa a kan zanen.

"Allah gafarta malam, dubi nan. Ina da kwana bakwai anka yi min shi. Ubana na da shi, kakana da shi anka rufe shi. In zanen ga na Alhaji na, to a gaya min, huskata ma tashi ta?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Alƙali ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Zauna, ɗana." Ya ce fuskata tawa ce, ba mai taɓa ta, amma hauya mai zane ba zan sayar a kasuwar nan ba sai na goge. Sannan ya juya ga Alhaji ya ce akwai doka ta uku a ɗakin, wadda ta girmi takardun biyu, ita ce ta hana algus a ciniki. Alama tasa ce, amma daga yau duk mai sayar masa da aka tambaya inda aka ƙera hauyar, ya faɗi gaskiya, kuma kada a ƙara kiranta da sunan garin da ba ta taɓa gani ba. Alhaji ya ce ya yarda. Aka maido mini kayana.

Mutane suka ce na samu rabi. Ni ban ga rabin ba. Manomi ba ya tambaya, wuya yake dubawa.

Washegari na zauna a maƙerar Magaji ina goge zane daga hauyoyin da Baba ya ƙera da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa yin aikin da ya ci mini rai kamarsa ba. Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Arzika ya zauna yana riƙe mini su. Magaji ya ce in bar su ya sayar mini a hankali in koma gida. Na ce ba inda za ni sai na ga abin da manomi zai ce da ƙarfen Baba in ba zane.

Kasuwa ta zagayo muka baza. Tun hantsi har rana ta take ba wanda ya tsaya. Su ɗauka, su juya wuya, su ga ba zane, su ajiye su wuce rumfar Alhaji. Can sai Arzika ya zazzage mangala yana neman goro, hauyoyin nan uku masu kaushin wuya suka faɗo. Na kai hannu zan ɓoye, sai wata tsohuwa mai kwando a ka ta riga ni. Ta ajiye kwandon, ta murza wuyan hauyar da babban yatsa, ta kai kusa da ido.

"Ɗana, wagga ta dutse ta. Daga ina kac ciro ta?"

Na ce, "Inna, ba a gama ta ba. Ga masu kyau nan."

Ta ce, "Bar ni da masu kyau, masu kyau sunka kashe min damina. Ƙurajen ga nika nema. Mijina ya yi zama ƙasarku ta Arewa, ya nuna min ɗanyen ƙarhenku. Na kanti ko uwarshi ta haihe shi ba shi yin haka."

Ta ɗaga murya ta kira wani, wani ya kira wani. Kafin in ankara hauyar tana yawo hannu zuwa hannu, kowa yana murza wuyan. Magaji ya tabbatar musu cewa ƙarfen da aka zuba a ƙasar Turawa, ko na mota, ba ya fitar da wannan ƙuraje, sai wanda aka dafa daga tama. Ukun nan aka fara yi wa rububi. Sauran kuma suka bi bayansu, don an ga daga mangala ɗaya suka fito. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce baɗi in kawo masu ƙuraje zalla, kada in wahalar da kaina da gyaran wuya.

Arzika bai bar ni na sha ruwa ba a hanyar dawowa. Kowane zango sai ya tambaye ni wa ke da idon ado. A kwalekwale ma da na kama ƙafar mai tuƙi, cewa ya yi in riƙe da kyau, mai kaushin wuya.

Na tarar da Baba inda na bar shi, a gindin bango, ya ƙara ramewa. Na durƙusa na ba shi labari duka, ban rage ba, har gogewar. Da na zo wurin littafin Ikko ya kai hannu ya shafa kumatunsa.

Sannan ya ce, "Dutsen fa? Shi ma Alhajin ya rubuta shi?"

Na ce, "A'a, Baba. Bai san inda yake ba."

Na gaya masa zancen tsohuwar, na ce shawarata mu bar buga zane, mu bar wuya da ƙurajensa, don shi ne abin da ba mai iya sata sai ya zo ya haƙi dutsenmu. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce shekara arba'in, sai da ya tsufa zai fitar da hauyar rago? Na ce ba ta rago ba ce, tamu ce, kuma ni zan hau dutse jibi ko da shi ko ba shi. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na tashi na fita.

Jibin da safe na fito da kwando da dagi, na tarar da shi a ƙofar gida tsaye, da jan zakaran da ake yanka wa masu dutse kafin a taɓa tama. Ya wuce gaba na bi shi.

Ranar da muka fasa murhu ƙarfe ya fito, shi ya karɓi masaba, ni ina zuga. Ya fitar da baki, ya miƙe shi, ya daidaita kafaɗa. Da ya iso wuya hannunsa ya ɗaga da kansa, yadda ya saba, ya tsaya a sama. Ya sauke ta a hankali ya ajiye a ƙasa, ya tsoma hauyar a ruwa ya miƙo mini da ƙurajenta.

Sai ya ɗauko ɗan ƙarfen da muke buga zane da shi, wanda ya gada wurin kakana. Na ɗauka wuta zai jefa shi. Ya goge shi da bakin rigarsa, ya naɗe cikin fatar da baduku ya ɗinke mini takardar kumandan da ita, ya ba ni.

"Aje shi cikin rufin ɗaki, inda ɗiyanka za su gane shi. Takardarsu gara na cin ta. Hura wutar, Nomau, rana na yi."